Yadda Ake Zaɓen Walat na Ajiye Kirifto ga Mazaunin Legas

Duk mai juya kuɗi a Legas, ɗan canji ne a Broad Street, mai saro tumatir da albasa a Mile 12, ko mai harkar shanu a Oko-Oba, ya san kuɗin aljihu daban, kuɗin banki daban, wanda aka adana a gida don wata rana shi ma daban. Kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, shi ma haka yake, sai dai yawancin mutanenmu wuri ɗaya suke zuba komai, a cikin wayar da suke hawa danfo da ita, suke ba yara su yi wasa da ita, suke barinta caji a shagon wani. Kafin a yi maganar wane walat ya fi, dole a fahimci abin da walat ɗin yake riƙewa.

Walat makulli ne, kuɗin ba a cikinsa suke ba

Bitcoin ko USDT ɗinka (USDT kirifto ne na kamfanin Tether da darajarsa ke bin dalar Amurka) ba sa cikin wayarka. Suna rubuce ne a wani babban kundi da dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa, wanda ake kira bulokcen. Abin da walat ke ajiyewa shi ne makullin sirri da ke ba da ikon motsa abin da aka rubuta da sunan adireshinka. Adireshi kamar lambar akawun yake, ana ba kowa. Makulli kuwa ba a ba kowa.

Da yake makullin dogon lissafi ne da ba ya haddatuwa, sai aka mayar da shi kalmomin Turanci 12 ko 24, da ake zarowa daga jerin kalmomi 2048. Wanda ya samu waɗannan kalmomi a jere yadda suke ya samu kuɗin, ko yana Agege ko yana wata nahiya, ba ya buƙatar wayarka ko lambar buɗe ta. Wanda ya rasa su kuma, wayar ta lalace, to babu ofishin da zai je ya kai ƙorafi. Duk sauran bayanin da ke tafe a kan wannan ya ginu.

Wurare uku da ake ajiya

Na farko shi ne asusun dandalin canji, irin su Binance, Bybit, Luno, Quidax da Busha. A nan kamfani ne ke riƙe da makullin, kai kuma kana da imel da kalmar shiga. Sauƙinsa a fili yake: in ka manta kalmar shiga za a iya dawo maka da asusunka, kuma nan ne ake saye da sayarwa da naira. Amma ajiya ce a hannun wani. A watan Nuwamba 2022 kamfanin FTX ya rushe, kuɗin miliyoyin mutane suka maƙale a ciki. A Fabrairu 2025 an sace wa Bybit kirifto na kusan dala biliyan 1.5, ko da yake kamfanin ya ci gaba da biyan masu ajiya. A nan gida kuma, Binance ya daina hulɗa da naira a Maris 2024. Ba sai kamfani ya yi niyyar cuta ba, sauyin doka kawai ya isa ya rufe maka ƙofa. Idan za ka yi amfani da dandali don canji zuwa naira, ka duba matsayinsa a wurin hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da kasuwar hannun jari. Quidax da Busha su ne suka fara samun amincewar farko daga hukumar a Agusta 2024. Kuma a rarrabe dandalin canji da masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, irin CBEX da ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilu 2025. Wannan ba walat ba ne, ba kuma kasuwa ba ce.

Na biyu shi ne walat na waya, wanda kai ke riƙe da kalmominsa: Trust Wallet mai ɗaukar layuka da yawa (layi shi ne bulokcen ɗin da kuɗi ke tafiya a kai), MetaMask na Ethereum da danginsa, Phantom da ya yi suna a Solana, Tonkeeper na TON, BlueWallet na Bitcoin kaɗai. Kyauta ne, ba ya neman NIN ko hotonka. Rauninsa shi ne makullin yana zaune a na'urar da kullum ke kan intanet.

Na uku shi ne walat na na'ura, ƙaramin abu kamar filash da ke riƙe makullin a cikinsa ba ya bari ya fita. Ledger da Trezor ne suka fi shahara, akwai kuma Tangem mai siffar katin ATM da ake karawa a bayan waya. Ko wayar da ka haɗa shi da ita tana da cuta, kuɗi ba ya fita sai ka amince a jikin na'urar.

Ra'ayinmu shi ne mai harkar kirifto ta gaske yana buƙatar aƙalla biyu daga ciki. Dandali ya zama kasuwa, ana shiga a yi ciniki a fito. Walat na waya ya zama aljihu, ba a sa masa abin da ya wuce na hidimar mako ɗaya ko biyu. Na'ura ta zama rumbu. Ma'auni mai sauƙi: idan abin da ke wayarka ya kai adadin da ba za ka iya ratsa Oshodi da dare da shi a aljihu ba, lokacin sayen na'ura ya yi. Ƙananan nau'o'in ba su kai dala 100 ba.

Abin da za ka duba kafin ka zaɓa

Fara da kuɗin da kake riƙewa. Mai USDT a layin Tron, wanda shi ne ya fi yawo tsakanin 'yan kasuwa, yana buƙatar walat mai karɓar Tron, kamar Trust Wallet ko TronLink. Mai tara Bitcoin kawai ya fi dacewa da walat na Bitcoin zalla, don ba shi da ƙofofin da ake shiga shafuka barkatai. Sai ka duba ko walat ɗin yana ba ka kalmomi 12 ko 24 na ƙa'ida. Muhimmancin wannan shi ne ko kamfanin da ya yi manhajar ya mutu gobe, za ka zuba kalmomin a wata manhaja ka ga kuɗinka. Sai kuma shekarunsa a kasuwa. Walat ɗin da ba ka taɓa jin sunansa ba sai a zauren Telegram ko WhatsApp, a bar shi.

Buɗe walat na waya, mataki bayan mataki

Da farko gyara wayar. Sabunta ta, goge manhajojin da aka tura maka ta Xender ko aka sauke daga shafukan da ba a sani ba, musamman masu neman izinin karanta allo da allon rubutu na ƙawa. Sa mata lambar kullewa mai lamba shida ko fiye. Wanda ke da hali ya ware waya ta biyu da ba ta fita daga gida, wannan ya fi.

Na biyu, shiga shafin kamfanin da kanka ta hanyar rubuta adireshinsa, ka bi mahaɗin da ke can zuwa Play Store ko App Store. Kar ka danna sakamakon farko na bincike, domin sau da yawa talla ce, kuma an sha kama manhajojin jabu masu suna da tambari iri ɗaya da na asali. Kar kuma ka ba yaron shago ya sauke maka ya buɗe maka. Wanda ya buɗe maka walat ya ga kalmominka.

Na uku, zauna kai kaɗai a ɗaki, ba a majalisa ba, ba a shago mai kyamara ba. Zaɓi ƙirƙirar sabon walat. Idan manhajar ta nemi ta ajiye maka kwafi a Google Drive ko iCloud, ƙi, ka zaɓi rubutawa da hannu.

Na huɗu, rubuta kalmomin a takarda da manyan baƙaƙe, kowace da lambarta, 1 zuwa 12. Tsari yana da muhimmanci. Musanya kalma ta huɗu da ta biyar tamkar canza makulli ne. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya kwafa harafi bayan harafi, ya sake dubawa sau biyu, don akwai kalmomin da harafi ɗaya ne ya raba su.

Na biyar shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ne gwajin gaskiya. Tura ɗan abu kaɗan, kamar na dala 2 ko 3, zuwa sabon walat ɗin. Da ya shiga, goge manhajar gaba ɗaya, sake sauke ta, zaɓi dawo da tsohon walat, zuba kalmomin daga takardarka. Idan ka ga kuɗin, rubutunka daidai ne. Idan ba ka gani ba, ka yi asarar dala 3 ka tsira da sauran. Sai bayan wannan ake zuba kuɗi mai kauri.

Inda ake ajiye kalmomin

Ba a ɗaukar su hoto, ba a tura wa kai a WhatsApp, ba a sa su a imel ko manhajar rubutu ko cikin jerin lambobin waya da sunan wani. Akwai cututtukan waya da aikinsu kawai shi ne laluben hotuna don neman kalmomi 12 a jere. Sannan waya takan je gyara Computer Village, kuma duk abin da ke cikinta ya tafi tare da ita. Kafin ka kai waya gyara, tabbatar takardarka na nan, sannan ka goge walat ɗin. In wayar ta mutu ba ta kunnuwa, dawo da walat a wata waya, buɗe sabon walat mai sabbin kalmomi, kwashe komai zuwa can, kafin ka miƙa ta ga mai gyara.

Takarda a Legas tana da abokan gaba da yawa. Danshi yana narka tawada ya sa takarda ta yi funfuna, damina tana shigar da ruwa ɗakuna, ga gobarar kasuwa, ga ɓera. Rubuta da fensir ko biro mai kyau, ba alƙalami mai ruwa ba, ka naɗe a leda, ka sa a kwalba ko gwangwani mai murfi, ka ɗora a sama. Wanda ya fi wannan shi ne farantin ƙarfe da ba ya tsatsa, a buga haruffan da guduma da ƙusoshin buga harafi. Haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun wadatar, domin an tsara jerin ne yadda babu kalmomi biyu da suka haɗa su. Amma kai za ka buga da hannunka, ba a kai wa maƙeri ko mai walda.

Yi kwafi biyu cikakku, ɗaya a Legas, ɗaya a wani wuri amintacce, kamar gida Arewa. Wasu na raba kalmomin shida a nan shida a can suna ganin dabara ce. Ba mu ba da shawarar haka: ɓatan rabi ɗaya ɓatan duka ne.

Layi da kuɗin hanya

Nan ne sababbi suka fi kuka. USDT ɗaya ne a suna, amma yana tafiya a layuka daban-daban. Adireshin Tron, wato TRC20, yana farawa da T, haruffansa 34. Na Ethereum, ERC20, yana farawa da 0x, haruffansa 42. Na BNB Smart Chain, BEP20, shi ma da 0x yake farawa, kuma kamarsu ɗaya sak, shi ya sa ake ruɗewa. Na Bitcoin yana farawa da 1, ko 3, ko bc1. Mai aikawa da mai karɓa dole su faɗa wa juna layi kafin adireshi.

Idan an tura maka ta BEP20 alhali ka nemi ERC20, kuma walat ɗin na hannunka ne, kuɗin ba su ɓata ba. Makulli ɗaya ne ke buɗe adireshin a layukan biyu, sai ka kunna ɗayan layin a manhajar ka gan su. Idan kuwa adireshin na dandalin canji ne da ba ya karɓar wannan layin, sai abin da kamfanin ya ga dama, wani lokaci a dawo maka da su bayan caji, wani lokaci shi ke nan. Haka kuma kuɗi irin TON da XRP, in za a tura su dandali, galibi akwai ƙarin lamba da ake kira memo ko tag. Adireshin na kamfani ne gaba ɗaya, memon ne ke nuna naka ne.

Kowane layi da kuɗinsa ake biyan hanya: TRX a Tron, ETH a Ethereum, BNB a BNB Smart Chain. Mutum zai iya samun USDT 5,000 a walat ya kasa motsa ko ɗaya saboda ba shi da TRX. Don haka ranar da ka buɗe walat ka sa masa na hanya da zai kai aike uku ko huɗu. A Tron, aika wa adireshin da babu USDT a cikinsa yana cin kusan ninki biyu.

Kafin kowane aike babba, tura kaɗan tukuna, ka jira mai karɓa ya tabbatar. Bayan ka manna adireshi, karanta shi, ba haruffa huɗu na farko da na ƙarshe kawai ba, har da na tsakiya. Dalili biyu ne. Akwai cutar da ke musanya adireshin da ka kwafa da na ɓarawo. Akwai kuma masu turo maka ɗan ƙwandala daga adireshin da suka ƙirƙira mai farko da ƙarshe irin na abokin cinikinka, don gobe ka kwafo daga tarihin aike ka tura musu. Ajiye adireshin abokan ciniki a littafin adireshi na manhajar, kar ka riƙa ɗaukowa daga tarihi.

Sayen na'ura da haɗa ta

Sayi daga kamfanin kai tsaye ko dillalin da sunansa ke shafin kamfanin. Ta hannu, ko wadda aka ce an rage mata kuɗi a gefen titi, a bar ta, araha ba ta ado. Alamar cuta mafi girma ita ce ka buɗe kwali ka tarar da kalmomi a rubuce ko lambar buɗewa a shirye. Na'urar ƙwarai mai allo, irin Ledger da Trezor, ita ke haifar da kalmominta a gabanka, a kan allonta.

Sauke manhajar kamfanin daga shafinsa, bari ta gwada ingancin na'urar, sa lambar buɗewa, rubuta kalmomin kamar yadda aka bayyana a sama. Ledger na ba da kalmomi 24, kuma yana goge kansa idan aka yi kuskuren lamba sau uku a jere. Kalmominka ne ke dawo da komai. Waɗannan kalmomi ba a taɓa rubuta su a waya ko kwamfuta, a jikin na'urar kaɗai ake shigar da su. Wanda ya zuba kalmomin na'urarsa a Trust Wallet don ya riƙa leƙa kuɗinsa ya rushe amfanin sayenta. Kuma kar ka ɗauko tsofaffin kalmomin walat na waya ka sa a na'ura. Buɗe sabo, ka tura kuɗin. Duk lokacin aike, adireshin da ke allon na'urar shi ne abin dubawa, ba na allon waya ba. A 2020 an sace bayanan masu sayen Ledger, sunaye da adireshin gida, aka riƙa aika musu saƙonnin ƙarya har da na'urorin jabu. Saboda haka duk saƙon da ya ce ka shigar da kalmominka don sabuntawa ko tabbatarwa, ƙarya ne, ko da tambarin kamfani a kai.

Ƙofofin da ɓarayi suka fi bi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar da ta fi yawa ita ce haɗa walat da shafin rabon kyauta. Shafin zai nemi ka amince, kai kana ganin karɓa za ka yi, alhali izini ka ba shi na ɗiban USDT ɗinka ba iyaka. Izinin yana nan daram har bayan watanni. Mai farautar kyautar sababbin kuɗi ya buɗe walat daban mai kalmomi daban, wanda babu komai a ciki sai kuɗin hanya. Wanda ya riga ya haɗa babban walat ɗinsa ya soke izinin ta shafin revoke.cash, ko ta shafin Tronscan in a Tron ne. Amma in kalmomin ne suka fita, soke izini ba ya magani, sai kwashe kuɗi zuwa sabon walat nan take.

Masu canji ido da ido su kula da USDT na jabu. Kowa na iya ƙirƙirar kuɗi ya sa masa suna USDT da tambarinsa. Kar a biya naira don an nuna hoton aike. Duba a walat ɗinka, sannan ka sa lambar aiken a Tronscan ka ga an tabbatar da shi kuma na kamfanin Tether ne. Haka nan wanda ya wallafa kalmomin wani walat mai cike da kuɗi yana neman a taya shi cirewa, tarko ne: TRX ɗin da za ka tura na hanya shi ake jira.

A asusun dandali kuma, kar ka dogara da lambar da ake turowa ta SMS, domin ana iya ƙwace layin waya ta hanyar sake yankar sim. Sa Google Authenticator ko makamancinsa, ka rubuta lambar dawo da shi a takarda, ka kunna jerin adireshin da aka yarda a tura musu kaɗai. Kuma kar a riƙa bayyana abin da aka mallaka a majalisa, don wanda aka tare da makami aka ce ya buɗe waya, babu fasahar da za ta cece shi sai dai a tarar babu abu mai yawa a ciki.

Idan rai ya yi halinsa

Kirifto dukiya ce, haƙƙin magada ne, kuma babu kotu ko banki da zai iya fito da ita in kalmomin sun tafi da mai su. Rubuta takarda daban wadda babu kalmomin a ciki: irin kuɗin da kake da su, sunan walat, layin da suke, dandalin da kake da asusu, bashin da ake binka da wanda kake bi a harkar, da wurin da kwafin kalmomin yake. Ba amintaccen mutum ɗaya wannan takarda, ambulan kalmomin kuma a rufe a hannun wani ko a wurin da takardar ta nuna. Ka rubuta a ciki cewa kada a karanta wa kowa kalmomin a waya, kuma ranar buɗewa a yi a gaban magada, a tura kaɗan tukuna kafin a kwashe sauran. Duk lokacin da ka je gida, sallah ko wata hidima, ka duba ambulan ɗin ka ga ba a buɗe ba kuma rubutun yana karantuwa, ka gyara takardar in ka canza walat.